Kamfanin da muka ba wa amsa wayar kwastomomi: sun iya auna aiki, riƙe ma'aikaci ne ya gagare su

Assalamu alaikum jama'a. Abokai da yawa a Kwari sun sha tare ni da tambaya wai yaya muka ƙare da kamfanin nan da muka ba wa aikin ɗaga waya da amsa WhatsApp na shagonmu, kwalliya ta biya kuɗin sabulu ko kuwa dai asara muke tafkawa muna rufa wa kanmu asiri, shine nace bari in zauna in rubuta a tsanake kowa ya karanta ya yanke wa kansa hukunci. In maki biyar ne zan ba su uku da rabi, kuma rabin nan saboda mutum ɗaya ne a cikin ma'aikatansu, zan zo kanta. Sunan kamfanin kam ba zan kama ba, tunda akwai ƙorafi a ciki kuma har yanzu muna tare da su.

Mu dai harkar atamfa ce da leshi da shadda da mayafai, sari da ɗai-ɗai, muna haɗa lefe kuma. Ciniki mai tsoka yanzu ta Instagram da TikTok da WhatsApp yake zuwa, kwastoma tana Yola ko Fatakwal ko Maraɗi ta ga hoto ta turo saƙo, in ba a amsa mata da wuri ba ta wuce gaba, don masu irin kayanmu sun fi a ƙirga. Da yaran shago ne ke riƙe da wayoyin, toh mutum yana auna yadi yana ninke atamfa yana ciniki da wanda ke tsaye a gabansa, yaushe zai amsa saƙo tamanin? Da azumi kuwa abun ba a magana, saƙo sai ya kwana ya wuni ba a buɗe ba.

Tsarin nasu mai sauƙi ne. Kujera kake biya duk wata, wato ma'aikaci ɗaya da kwamfutarsa da hedfon da intanet da wuta, su ne da ɗaukar ma'aikata, su ne da tirenin, su ne da albashi da janareta da sola. Kai naka ka ba su jerin kaya da farashi da yadda ake aike. Akwai sufabaiza a kan yaran, sannan akwai wata daban wadda ba ta ɗaga waya sam, aikinta kawai ta saurari rikodin na kira ta karanta hirarrakin WhatsApp ta ba da maki, ita suke ce wa mai kwaliti. Ba mu kaɗai suke wa aiki ba, a falo ɗaya akwai masu amsa wayar wani ƙaramin banki da na masu sayar da gas, kowa da layinsa.

Wannan sana'a ta ba wa wani kamfani aikinka ya yi maka ba yau aka fara ba, kuma in ka san inda ta samo asali za ka gane dalilin da ya sa suke da son lissafi haka. Indiya ce ta fara shahara da ita. Kamfanin General Electric na Amurka ya buɗe ofishin irin wannan aiki a Gurgaon kusa da Delhi a 1997, wanda daga baya ya koma kamfani mai cin gashin kansa da sunan Genpact. Matsalar 'yan Indiya a lokacin ita ce yarda, mutum yana Amurka zai miƙa aikinsa ga wanda bai taɓa gani ba a wata nahiya, me zai riƙe? Sai suka kama takardun shaidar inganci da ƙarfi, suna auna komai suna rubuta komai, har ofishin manhaja na Motorola da ke Bangalore ya kai mataki na 5, wato ƙololuwa, a CMM, ma'aunin ingancin aikin haɗa manhaja na jami'ar Carnegie Mellon, tun 1993, lokacin da a Amurkan ma da ƙyar ka samu wanda ya kai. Daga baya Filifin ta zo ta sha gaban Indiya a ɓangaren amsa waya. A nan gida ma akwai masu yi da gaske, misali Outsource Global da Amal Hassan ta kafa a 2013 suna da ofis a Abuja da Kaduna suna wa kamfanonin waje aiki, amma ba su bane namu, namu bai kai su girma ba ko kusa. Abun da nake nufi dai, duk kamfanin da ke wannan harka da wannan ɗabi'a ya tashi, lamba ce hujjarsa.

Kuma gaskiya lambar ta amfane mu. Duk ranar Litinin da safe ripot yake shigowa imel ɗina, kira nawa ya shigo, nawa aka ɗaga, nawa suka katse kafin a ɗaga, wane lokaci saƙo ya fi yawa, me mutane suka fi tambaya. A kwantiragi sun yi alkawarin ɗaga kashi 80 cikin 100 na kira kafin sakan 20, wanda dama shine ma'aunin da aka saba da shi a wuraren amsa waya na duniya, kuma yawanci suna cikawa in ba netwok ne ya yi tsiya ba. Daga ripot ɗin nan muka gane cewa matan aure sun fi turo saƙo bayan isha'i, lokacin da mu mun rufe shago mun tafi gida, sai muka matsar da kujera ɗaya ta koma dare. Wannan kaɗai ya dawo mana da ciniki da muke ta zubarwa ba mu sani ba. A nan ba ni da abun cewa sai sambarka.

Inda aka fara samun matsala shine fom ɗin da suke ba da maki da shi. Fom ne da suka tsara don banki, suka kwaso shi ɗungurungum suka ɗora mana. Ma'aikaci zai yi gaisuwa layi ɗaya da aka rubuta masa, ya faɗi sunansa, ya tambayi me ake so, ya warware, ya yi godiya, ya ajiye, kuma duk kiran da ya wuce wasu 'yan mintuna da suka ƙayyade ana rage masa maki. A banki wannan daidai ne, wanda katinsa ya maƙale ba hira yake so ba. Amma uwar ango da za ta haɗa akwati bakwai fa?

Duk ƙarshen wata muna zama da su, ni da sufabaiza da mai kwaliti, a kunna wasu kira a saurara tare kowa ya ba da makinsa a ɓoye sannan a buɗe a ga ko an dace. A irin wannan zama aka kunna kiran wata dattijuwa daga Gusau, tsohuwar kwastomarmu ce tun zamanin mahaifinmu. Ta yi sallama, ta ce "ina wuni 'yar nan, ya gida, ya Alhajin naku, ya jikin nasa", yarinyar da ta ɗaga ta ce "lafiya lau madam, me zan taimaka miki da shi". Sai ka ji Hajiya ta ɗan yi shiru. Ta ce bikin autanta ne ya taso bayan Sallah tana son ta ji abun da ya shigo sabo, yarinyar ta ce "wanne kaya kike so madam, ki faɗi lambarsa da ke jikin hoto". Hajiya ta ce "a'a ni ban san wata lamba ba, bari dai in ya zo gari na kira shi da kansa", ta kashe. Kiran bai yi minti ɗaya da rabi ba. A fom ɗinsu wannan kira kusan cikakken maki ya ci, an gaisa, an tambayi buƙata, ba a ɓata lokaci ba, babu ashar babu ɗaga murya. Ni kuwa sifili na rubuta. Lefe guda ne ya miƙe ya fita ta ƙofa, kuma ba laifin yarinyar bane, abun da aka ce ta yi shi ta yi, in ta tsaya gaisuwa albashinta ne zai ji a jikinsa tunda alawus ɗinsu a jikin makin yake.

Sufabaizan ya so ya kare fom ɗin, yace yallaɓai ai tsari ne na ƙasa da ƙasa. Mai kwalitin ce ta katse shi, tace a'a, in kwastoma ta ajiye waya ba ta sayi komai ba kuma ranta bai yi daɗi ba amma fom ya ce an yi daidai, toh fom ɗin ne ba daidai ba. A satin ta zauna ta sake rubuta shi don layinmu kaɗai. Ta cire ƙayyade minti ga duk kiran da ya shafi lefe ko sari, ta sa maki a kan gaisuwa yadda ya kamata, Hajiya ko Mama ko Anti gwargwadon muryar da ka ji, ranki ya daɗe in ta kama, ta hana cewa madam kwata-kwata sai in da Turanci kwastoma ta fara. Ta ƙara tambaya ɗaya da ta fi komai amfani: shin ma'aikaci ya tambayi ranar biki? Don daga ranar biki ne za ka san ko kaya zai isa ko ba zai isa ba, kuma ko tela zai karɓa, kowa ya san in azumi ya raba tsakiya teloli sun rufe karɓar ɗinki. Ita ce rabin makin da na faɗa da farko.

Abu na biyu da ya nuna min suna iya koyo in sun so shine maganar risit. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 kowa ya koma taransifa, kuma tare da taransifa ɓata-gari suka koyi haɗa risit na bogi, ga tambarin banki ga suna ga lokaci, in ba ka ga alat da idonka ba sai ka rantse kuɗi ya shigo. An tura mana irinsa, ma'aikacinsu ya rubuta an biya, yaranmu suka ɗaure kaya suka kai tasha, kaya ya tafi kuɗi bai zo ba. Da ya sake faruwa na kira manajansu da zafi nace a cire min yaron. Yace in yi haƙuri in ba su zuwa Juma'a. Ranar Juma'a suka turo takarda shafi ɗaya, sun bi abun da tambayar me ya sa, me ya sa, har suka kai tushe, salon da Taiichi Ohno na kamfanin Toyota ya shahara da shi. Me ya sa aka aika kaya? Don an rubuta an biya. Me ya sa aka rubuta? Don an ga risit. Me ya sa bai duba asusu ba? Don ba shi da ikon ganin asusunmu, kuma daidai ne kar ya samu. Me ya sa bai jira mu tabbatar ba? Don a sistem ɗin maɓalli biyu ne kawai, an biya da ba a biya ba, kuma duk hirar da ya bari a buɗe ana lissafa masa ita a matsayin aikin da bai gama ba. Kun ga kenan ko an kori yaron nan wanda zai zauna a kujerarsa ma haka zai yi. Suka ƙara maɓalli na uku, ana jiran tabbaci, wanda ba ya cin makin kowa, kuma ba mai iya mayar da shi an biya sai ƙanina da ke riƙe da asusu. Tun daga nan ba a sake ba. Yaron ma yana nan lokacin, ya zama cikin waɗanda suka fi iya aikin.

Toh da a nan labarin ya tsaya da biyar zan ba su cif.

Matsalar ita ce yaran ba sa zama. Sai ka ga yarinya ta shigo ba ta san bambancin shadda Getzner da 'yar China ba, ba ta san atamfa mai kakin gaske da mai kwaikwayo ba, a hankali ta koya, ta gane wace kwastoma ce ke tambayar farashi sau goma ba ta saye, wace ce in ta ce "zan duba" toh a ajiye mata kawai don gobe za ta turo kuɗi, ta san motar Maiduguri da sassafe take tashi in kaya bai isa tasha da daddare ba sai jibi, ta san direban da ke kira in ya isa da wanda sai an bi shi. Daidai lokacin da ta nuna, sai ka kira ka ji baƙuwar murya. Ina wance? Ta samu aiki a banki, ko ta koma makaranta, ko an mayar da ita layin masu gas don can an fi matsa musu. Kuma ban ga laifinsu ba wallahi. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin adaidaita ya ninka, hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024, mafi ƙarancin albashi da gwamnati ta sa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne, kuma abun da yaran nan ke ɗauka bai yi wa wannan nisa ba duk da yawancinsu masu digiri ne ko HND. Mutum ya wuni da hedfon a kunne ana zazzaga masa masifa a kan kayan da ba nasa ba, in ya samu inda ya fi ai tafiya zai yi.

Mu a kasuwa mun san yadda ilimi ke zama a shago. Yaro zai shigo yana share gaban shago yana ɗauko kaya daga sito, ya shekara da shekaru yana kallon yadda maigida ke magana da mutane, har ya san kwastoma da 'ya'yanta da abun da ta saya a bikin fari, kuma yana zama ne don ya san ƙarshenta za a sallame shi da jari ya buɗe nasa. Yaron kamfanin nan ba abun da ke jiransa a ƙarshe, saboda haka abun da ya koya a kansa yake, ranar da ya tafi da shi zai tafi.

Na yi musu wannan magana, sai manajan ya nuna min satifiket ɗin ISO 9001, wato shaidar ingancin tsarin aiki, da ke rataye a bango cikin firem mai ruwan gwal. Dan Allah duk wanda zai ɗauki irin wannan kamfani ya tsaya ya karanta takardar nan da kyau kar ƙyalli ya ɗauke masa ido. Ita hukumar ISO da ke Janiba ba ta ba kowa satifiket, ƙa'ida kawai take rubutawa, wasu kamfanonin tantancewa ne ke zuwa su duba su bayar, a nan Najeriya hukumar SON mai kula da ingancin kaya ma tana yi. Shekara 3 yake yi, kuma duk shekara ana dawowa a sake dubawa, saboda haka duba kwanan wata. Sannan a jikinsa akwai inda aka rubuta wane aiki da wane ofis ya shafa. Nasu da na karanta, babban ofishinsu ne kawai a rubuce, reshen da ke mana aiki babu shi a ciki. Ba ƙarya suka yi ba, amma ba su faɗi duka ba. Abun da ya fi ba ni haushi ma shine ita ƙa'idar da suke taƙama da ita, bugun 2015, ta zo da sashe na musamman, 7.1.6, da ke cewa dole kamfani ya tantance ilimin da aikinsa ke buƙata, ya adana shi, ya sa ya isa ga wanda zai yi amfani da shi. Wato daidai ciwon da ke damunmu. Na tambaye shi ina aka adana abun da yaran da suka tafi suka koya a kan kwastomominmu? Ya buɗe min wani fayil a kwamfuta, jerin tambaya da amsa ne da mu da kanmu muka ba su ranar da aka fara aiki, ko wasali ba a ƙara ba, har da farashin da ya tashi tun tuni.

Nan ma dai mai kwalitin ce ta fitar da su kunya. Ashe ita tana da nata littafin, wani fayil da take zuba duk abun da ta tsinta a sauraron kira: kalar da ke fitowa daban a hoto, misali ruwan toka da ke komawa kaman shuɗi a wasu wayoyin saboda haka a tura bidiyo a hasken rana kafin a karɓi kuɗi, garuruwan da ake kai wa har gida da waɗanda sai an je tasha, wa ke biyan kuɗin mota, yadda ake da mutanen Nijar da ke son a faɗa musu farashi da sefa, irin amsar da ke kwantar da wadda kayanta ya makara. Ba wanda ya sa ta, ba a cikin tsarin kamfani yake ba, manajan ma bai san da shi ba sai ranar. Yanzu shi ake ba duk sabon da aka kawo layinmu ya karanta kafin ya ɗaga waya, kuma na sa sharaɗi cewa sabo zai zauna gefen tsoho yana sauraro na wasu kwanaki, sannan ya zo shago ya taɓa kaya da hannunsa ya ga yadda ake ɗauri. Sun yarda da zaman gefen tsoho, zuwa shago kuwa sai da aka kai ruwa rana, wai wa zai biya kuɗin ranar da ba ya kan kujera. Muka raba biyu.

Abun da ke ɗaure min kai da su kenan. In kuskure ya faru ɓaro-ɓaro, kuɗi ya salwanta, an yi ihu, suna da hanyar binsa har tushe kuma suna gyarawa tsakani da Allah. Amma ilimin da ke taruwa a hankali ba tare da an yi asara ba, wanda ba ya fitowa a ripot ɗin Litinin, ba su da ma'ajinsa, sai in Allah ya haɗa ka da mai kishin aiki irin wannan baiwar Allah. Kuma gyaran da aka yi a layinmu bai tsallaka ko teburi ɗaya ba. Na tambayi sufabaizan ko masu gas sun samu maɓallin jiran tabbaci tunda su ma taransifa ake musu, yace ai su ba su yi ƙorafi ba tukuna.

Sauran abubuwa a gurguje. Hausarsu ba laifi, yawanci 'yan gari ne, sai dai rubutun WhatsApp wani lokaci a cakuɗe da Turanci har dattijai su kasa ganewa, mun ce su riƙa tura murya in sun ga alamar haka. Wuta da intanet ba su taɓa ba mu matsala mai yawa ba, suna da layin intanet biyu. Lissafin kuɗinsu a fili yake, ba su taɓa cusa min wani caji da ba mu yi da su ba, amma ƙarin kujera na lokacin azumi da tsada yake kuma sai ka faɗa da wuri sosai, in ka bari sai Sha'aban ya yi nisa waɗanda za a kawo maka sababbi ne fil da ba su san komai ba, a daidai lokacin da ka fi buƙatar gwanaye.

Maganar lambobin kwastomomi kuma kar a yi wasa da ita. Sunan matar mutum da lambarta da adireshin gidanta kake miƙa wa wasu. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora nauyin a kanka kai mai kasuwa ko da wani ka ba wa aikin, saboda haka a rubuta a kwantiragi. Nasu tsarin ya burge ni, ba a shiga falon da wayar hannu, akwai loka a bakin ƙofa, kwamfutocin ba sa karɓar filash, kuma ranar da ma'aikaci ya bar aiki ake rufe masa shiga. Na gwada da kaina na ga haka ne.

Sannan wanda zai shiga ya sani ba miƙawa za ka yi ka je ka kwanta ba. Akwai ma ƙa'idar ISO 18295 ta 2017 da aka yi don wuraren amsa waya, kashi biyu ce, na ɗaya na kamfanin, na biyu kuwa sharuɗɗa ne a kan kai da ka ba da aikin. Lokacin da dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024 farashin leshi da shadda kusan kullum sai ya motsa, in ba ka tura musu sabon farashi da safe ba da na jiya za su sayar, kuma ba ka da bakin magana. Zaman ƙarshen watan nan ma in ba ka zuwa, fom ɗin banki za su ci gaba da auna maka kwastomomi da shi kuma ripot zai ta zuwa da kore shar. Mai ƙaramin shago da saƙonsa bai fi ƙarfin mutum ɗaya ba ni ban ga amfanin ya ɗauke su ba, gara ya samu yaro ɗaya mai hankali ya biya shi da kyau. Wanda kuma saƙo ya yi wa yawa, yana da mai zama da su duk wata, toh zai ci riba.

Yanzu muna kan maganar sabunta kwantiragi, kuma abu biyu na ajiye musu a teburi. Na farko kar a ɗauke min ma'aikaci daga layi a kai wani layin sai da sanina, kuma na ce a shirye nake in ƙara wani abu a kan kuɗin kujera in har zai shiga aljihun yaran da suka daɗe kai tsaye, ba asusun kamfani ba. Wannan sun ce za su duba, wai zai jawo musu rigima da na sauran layuka da ke zaune a falo ɗaya. Na biyu fayil ɗin nan na mai kwaliti, a rubuta cewa namu ne, duk wata a turo mana kwafi, in mun rabu mu tafi da abunmu. Manajan yace a'a, ma'aikaciyarsu ce ta rubuta a lokacin aikinsu da kwamfutarsu. Nace kwastomomin wa aka rubuta a ciki? Yace zai kai maganar babban ofis, lauyansu zai kira ni. Kwantiragin dai ƙarshen wata mai zuwa zai ƙare kuma ban sa hannu ba tukuna.